Yaya za a koyar da kalkulas ga ɗaliban kasuwanci, bayoloji da zamantakewa a aji ɗaya?

Sabon Malami:
Assalamu alaikum malamai. An haɗa ɗaliban akanta, na bayoloji da na nazarin zamantakewa a kwas ɗaya na kalkulas, aji ɗaya a jami'a, mako 13. Yawancinsu rabonsu da aljabara tun jarrabawar WAEC, kuma ba injiniyoyi za su zama ba. Me ya kamata a fara da shi, me za a bari? Sannan wane misali ne zai shiga kan kowa ba tare da wani ɓangare ya ji an bar shi a baya ba?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da ajiye tirigonometiri gefe, waɗannan ɗalibai ba su da buƙatarsa. Abin da za su riƙa cin karo da shi har su gama shi ne x², eˣ da ln x.

Mako biyu na farko ka ba wa aljabara kacokan. Inda suke faɗuwa sananne ne: su rubuta (x + h)² = x² + h², ko su kasa gane 1/x shi ne x⁻¹. Wanda bai gyara wannan ba, duk abin da ka gina a kai rushewa zai yi.

Daga nan ka shiga saurin canji da misalin kuɗi, domin ko ɗan bayoloji ya san naira. A ce mai haɗa sabulu yana kashe C(x) = 20,000 + 300x + x² wajen yin sandar sabulu x. Sa su fito da C′(x) = 300 + 2x, su saka x = 100, su samu 500. Sai ka ce su lissafa C(101) − C(100) da hannu. Za su samu 501. A nan ne suke gane cewa C′ kusan kuɗin ƙara sanda ɗaya ne a kan waɗanda aka riga aka yi. Kada ka karɓi amsa "500" tsirara. Dole a rubuta naira 500 a kan kowace sanda.

Idan yana sayar da sanda naira 900, riba ita ce 600x − x² − 20,000. Saurin canjinta 600 − 2x, ya zama sifili a x = 300, riba naira 70,000. Sai ka jefa musu tarko: injinsa ba ya wuce sanda 250. Da yawa za su sake rubuta 300, don sun haddace "a mai da shi sifili" kawai. Amsar 250 ce, riba 67,500. Wannan tambaya guda ta fi lacca guda wajen koya musu duba iyakokin da aka ba su.

Malamar Bayoloji:
Allah ya ƙara basira, Malam, amma kada kuɗi ya cinye zangon gaba ɗaya. Ɗalibanmu eˣ ne abincinsu. Ƙwayar E. coli, in ta samu yanayi mai kyau, tana ninkuwa kusan duk minti 20. Ka fara da 1,000, su yi ta ninkawa a allo: bayan awa 2 an kai 64,000. Sai bayan sun ga haka ka kawo N = 1000eᵏᵗ, inda k = ln 2 ÷ 20, wato kusan 0.0347 a minti.

Kuskure biyu ne ke maimaituwa. Na farko, k na minti ne amma su saka t = 2 don an ce awa 2, su samu kusan 1,072 kuma ba su ji wani abu ya ɓaci ba. Na biyu, su manta dokar sarƙa, su ce saurin canjin eᵏᵗ shi ne eᵏᵗ, alhali k·eᵏᵗ ne. Maganin duka biyun, su riƙa kimanta amsa da ka kafin su taɓa kalkuleta.

Kada kuma a tsaya nan, domin abinci yana ƙarewa a kwanon gwaji. Nuna musu zanen ƙaruwar yawan halittu na masanin lissafi Verhulst na 1838, mai tashi ya lanƙwasa ya kwanta. Ba sai sun warware lissafinsa ba, ya isa su ga cewa yaɗuwar ta fi sauri daidai rabin iyakar da wurin zai iya ɗauka. Manhajojin Desmos ko GeoGebra a waya za su zana shi nan take.

Dattijon Tsangaya:
Ni inda na ɗan saɓa da masu cewa a tsallake limit (wato adadin da amsa ke ta matsowa kusa da shi) shi ne, in ka tsallake shi gaba ɗaya dokokin sai su zama tamkar tsafi. Lacca biyu ta wadatar, da teburin lambobi: h = 1, 0.1, 0.01, su ga amsar tana matsawa wuri ɗaya. Hujjojin epsilon da delta kuwa a bar wa 'yan sashen lissafi.

'Yan zamantakewa su ne aka fi mantawa, sai su zauna a baya suna jiran a tashi. Nasu rabon yana cikin intagiral, wato lissafin filin da ke ƙarƙashin layin zane. Zana layin Lorenz, wanda ke nuna kason dukiyar da ke hannun kowane kaso na jama'a. Ɗauki L(x) = x²: rabin mutane mafi ƙarancin dukiya suna riƙe da kashi 25 cikin ɗari kacal. Ma'aunin Gini, mai auna rashin daidaito, shi ne ninki biyu na filin da ke tsakanin x da x² daga 0 zuwa 1, wato 2 × (1/2 − 1/3) = 1/3. Canza zuwa x³, ya koma 1/2, sai ka tambaye su wace al'umma ce ta fi rashin daidaito.

A jarrabawa, ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na maki ga bayanin ma'anar amsa da jimla cikakkiya.

Sabon Malami:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranka ya daɗe, intagiral ɗin mako nawa zan ba shi?

Dattijon Tsangaya:
Uku na ƙarshe. Ka tsaya a kan dokar xⁿ, eᵏᵗ da musanya mai sauƙi, sauran dabarun ka bar su sai kwas na gaba.