Wa aka taɓa bin diddigin takardarsa a wurin aiki?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanen matata ya gama sakandare tun tuni bai samu jami'a ba, yanzu wani dillali na hure masa kunne wai ya kawo kuɗi da hoton fasfo a kawo masa kwalin digiri daga Kwatano, ba sai ya taka ƙasar Benin ba. Da na hana shi sai ya ce mini: "Yaya, kai da ka yi naka na gaskiya, wa ya taɓa zuwa jami'arku ya tambaya?" Na yi shiru. Duk inda na yi aiki abin da na sani shi ne a ce zo da na asali, a kalla, a karɓi fotokwafi, a miƙo mini abina. Wanda aka taɓa bincikar tasa, ko shi ya binciki ta wani, don Allah ya ba mu labari, in samu abin gaya wa yaron nan.

Tsohon Ma'aikaci, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Ni a sashen kula da ma'aikata na yi aiki har na aje, bari in gaya maka yadda munka saba yi. Ranar tantancewa a jera tebura, kowa shi zo da fayil nai, layi har waje. Mi mai dubawa zai gani cikin wanga cunkoso? Shi duba ko suna ya yi daidai da na takardar haihuwa, shi shafa hatimi da yatsa shi ji ko ya taso, mai ƙoƙari shi ɗaga takardar wajen taga. Sai jan biro, an gani, na baya shi matso. Awa mai sayen goro ne da ya tsaya ga na saman huhu.

Ba mu rubuta wa makaranta sai da dalili, kuma dalilin kusan kullum guda ne, takardar ƙorafi. Ita kuwa ba ta zuwa sadda mutum yake mataki na 8, lokacin ba wanda ya damu da shi. Sai ya kai 14 ko 15, an fara zancen kujera, sannan wani da sunka tashi unguwa ɗaya zai tuna cewa ai wane bai wuce aji biyu ba a jami'a. Akwai wanda na gani da idona, saura kaɗan shi yi ritaya. Amsar da ta dawo daga ofishin rajistara layi biyu ce kacal: lambar da ke jikin takardar ta wani ɗalibi ce a wani sashe daban. Ranar da anka kira shi ya sha babbar riga da hula sabuwa, ya ɗauka maganar ƙarin girma ce. Da anka aje mai takardar gabanai, sai ya nemi a ba shi ruwa. Aiki ya tafi, garatuti da fansho sunka bi shi, ga ɗiyanai ba su gama karatu ba. Ka gaya wa yaron wanga.

Maman Ilham

Baba ya faɗi gaskiya, amma ku ji ta ɓangarenmu masu makarantun kuɗi. Albashin da muke iya biyan malami bai taka kara ya karya ba, malamai kuma yau suna nan gobe sun samu wani wuri. In na ce sai na rubuta wa kwaleji a kan kowa, na biya kuɗin tantancewa, na jira amsa, zangon karatu zai ƙare aji ba malami. Abin da nake yi, in ba mutum alli in ce ga 'yan aji huɗu nan, koya musu kasafi. Minti goma sun ishe ni. Sau ɗaya na bi diddigi har ƙarshe, wani ne ya zo da NCE ta Turanci da sakamako mai kyau, amma ya kasa rubuta shirin darasi na shafi ɗaya. Na roƙi wata ƙawata da ke aiki a kwalejin da ya ce ya yi ta duba mini. Lambar ta wata mace ce da ta gama shekaru kafin shi. Ban kai shi ko'ina ba, na dai sallame shi. Bayan 'yan watanni na hango shi a ƙofar wata makarantar yana tare yara a lokacin tashi. Yanzu ina tambayar rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, tana rage mini wahala.

Na Gidan Igwai

Ni dai an bincike ni, bincike ba na wasa ba. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ce ta ɗauke ni. Kafin in fara sai da na sa hannu a takardar amincewa a bi bayanaina, suka ba wani kamfani kwangilar binciken. Sun duba WAEC ta intanet, sun tuntuɓi NYSC, sun rubuta wa jami'ar da na yi, har tsohon maigidana suka buga wa waya. Abin da ya kusa cinye ni jinkirin jami'ar ne. Wasiƙa ta yi wata da watanni ba amsa, har aka fara yi mini kallon mai abin ɓoyewa. Sai da na ɗauki hutu na je da kaina, na tarar da ita cikin tarin fayil ba a ko buɗe ambulan ɗin ba. A bankuna ma abokaina sun ce haka ake yi kafin a tabbatar wa mutum da aiki. Wata da muka shiga tare an sallame ta saboda ta ɗaga matakin digirinta daga 2.2 zuwa 2.1. Digirin nata na gaskiya ne fa, wurin kuma ko da 2.2 suna ɗauka.

Mai Shagon Kwamfuta

Hhhh wagga magana ku tambaye mu. Da anka buɗe shafin ɗaukar aiki na soja ko kwastan ko 'yan sanda, sai ka ga mutum ya jira kowa ya fita sannan shi matso shi rage murya: "Malam, ba a iya ɗan gyara min F9 ɗin nan na lissafi?" Wani shekarar haihuwa yake so a ja baya, wani sunan yayanai za a cire a sa nashi. Ni ba ni yi, na ma manna takarda a bango. Ina ce musu abin da ke rumbun WAEC ba shi canzawa don an goge takarda a shago, duk mai katin dubawa zai ga na asali a wayarsa. Sai su ce "wa zai duba?" su wuce shagon gaba.

Ɗalibin Kwatano

Ku bari in yi magana, don ni abin a jikina yake. Na zauna can na yi karatuna daga farko har ƙarshe, ta Kamba da Gaya muke bi, na sha zaman bakin iyaka, na biya haya, na rubuta jarrabawa. A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makarantar Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi alhali ya riga ya yi a baya. Farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. A Agustan shekarar Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Tawa ba ta ciki. Tun daga nan duk intabiyu ɗin da na shiga, da an ga inda takardar ta fito sai fuska ta canza. Dillalan da suka sayar wa mutane kwali suna zaune a gida su suka jawo mana, kuma ga shi har yanzu suna yawo suna neman irin ƙanen matarka. Ɗan Mabera, ko da yaron zai je ya zauna da gaske, ya fara duba ko makarantar na cikin waɗanda aka amince da su.

Bawan Allah

Allah ya kawo maka mafita ɗan'uwa. Ni ko ba a kama mutum ba, albashin fa? Da shi zai ciyar da iyali, da shi zai je Hajji. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Ɗan Tashar Illela

Duk talaka ake wa wannan tsanani. Salisu Buhari ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 1999 da takardar bogi ta jami'ar Toronto, ya sauka, daga baya aka yi masa afuwa. Kemi Adeosun tana Ministar Kuɗi ta ajiye aiki a 2018 kan takardar yafe hidimar ƙasa. Ita ai sai da ta wuce tantancewar Majalisar Dattawa. 'Yan jarida ne suka tono duka biyun.

Tsohon Ma'aikaci, Runjin Sambo

To ai maganata ke nan, ɗana. Su ma sai da sunka hau sama anka waiwaye su. Bambancin, su suna da inda za su faɗa. Wanda na ba ku labari gidan haya yake.

Nas Hauwa

Mu a ɓangaren lafiya lasisi ake tambaya kafin komai, kuma ana sabunta shi a hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, don haka da wuya mai jabu ya daɗe a babban asibiti. Inda abin ke ba ni tsoro ƙananan wurare ne a ƙauyuka da shagunan magani. An taɓa kawo mana yaro ƙafa ta shanye bayan allurar da wani "likita" ya yi masa a gindi ba a gurbinta ba. Uwar ta ce ai takardarsa na rataye a bango cikin gilashi.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai, zan ba shi ya karanta da kansa. Ina so ya sake zana JAMB, ko ya nemi difloma a nan gida ya bi ta can. Baba, wata tambaya kuma ta kaina: a WAEC an rubuta mini Mohammed, a digiri Muhammad, sunan kakana kuma yana ɗaya ba ya ɗayar. Wannan zai iya zama matsala?

Tsohon Ma'aikaci, Runjin Sambo

Shina iya zama, in anka samu mai neman ka da sharri. Tafi kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen naka ne, ka buga sanarwa a jarida, ka sayi kwafi biyu na ranar ka aje shafin gaba ɗaya da kwanan wata a jiki, kar ka yanko gurbin sunanka kawai. Sannan ka rubuta wa sashen ma'aikata a saka a fayil naka, ka karɓi kwafin da anka buga wa hatimin karɓa. Ka duba kuma wane suna ke kan NIN da takardun fansho naka, don can ne ake yawan maƙalewa.