Muhawara: Ido zai iya raba funfuna mai guba da marar guba?

Malamin Gona: Ina nan a kan bakana. Ba sai an yi gwajin DNA, wato ƙwayar halitta, ba kafin a rarrabe ire-iren funfunar Aspergillus flavus mai kama gyaɗa da masara. Tun 1989 masanin cututtukan shuka Peter Cotty ya raba ta gida biyu bisa girman ƴan baƙaƙen dunƙulen da take yi a farantin gwaji. Wanda dunƙulensa ya haura maikuron 400 (ƙasa da rabin milimita) shi ne L, wanda bai kai ba shi ne S, kuma S ya fi zuba guba. Madubin awo ya wadatar.

Ɗalibar Kimiyya: Allah gafarta Malam, ai a nan gizo ke saƙar. S ɗin ba abu ɗaya ba ne. Na nan Afirka ta Yamma yana fitar da gubar da ake kira afulatoksin iri biyu, B da G, alhali ainihin flavus an san shi da B ne. Da aka bi DNA sai aka tarar jinsi ne daban, kama kawai suka yi.

Hajiya Mai Ƙuli-ƙuli: To ni da nake tsintar gyaɗa a faifai, ina zubar da mai kore-kore da wadda ta yanƙwane, aikin banza nake yi ke nan?

Ɗalibar Kimiyya: A'a Hajiya, kada ki fasa, yana ragewa sosai. Sai dai ƙwaya kan yi tas a ido alhali da guba a cikinta, kuma suya ba ta kashe ta gaba ɗaya.

Malamin Gona: Ki tuna Kenya a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Mai ƙananan dunƙule, wato S, aka samu ya mamaye ta. Awon girman bai yi ƙarya ba.

Ɗalibar Kimiyya: Na yarda, Malam. To L fa? A cikinsa akwai mai guba, akwai marar ita, duk kore ɗaya. Maganin Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa, irin flavus huɗu ne na nan Nijeriya marasa guba, aka ɗora su a kan ƙwayar dawa ana watsawa a gona su kori masu gubar. Da a ce da ido aka zaɓe su, da an iya watsa wa manomi guba da hannu.

Malamin Gona: Idan awon ƙasar gona ne, da faranti zan fara, shi muke da shi a hannu. Wanda za a watsa wa mutane a gona kuwa, ba zan sa hannu ba sai an gwada gubarsa da ƙwayar halittarsa.

Hajiya Mai Ƙuli-ƙuli: Ni dai ku faɗa mini inda zan kai gyaɗata a auna kafin in saya buhu-buhu.