Neman shawara: Gwamnati na ganin kuɗin da ke shiga asusuna?

Dillalin hatsi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dillali ne a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano. 'Yan kasuwa daga Legas da Onitsha kan turo kuɗi asusuna in saya musu riɗi da waken suya, wani lokacin miliyoyi a yini ɗaya, alhali nawa a ciki la'ada ce kawai. Yanzu ga BVN, ga NIN, an haɗa su da layin waya, ga zancen sabuwar dokar haraji. Hankalina bai kwanta ba. In koma karɓar kuɗi a hannu ne?

Baban Ummi:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Kada ka koma. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Ita ce kuma ta wajabta wa banki sanar da hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, wato NFIU, duk hada-hadar da ta haura miliyan 5 a asusun mutum, ko miliyan 10 na kamfani. Sanarwar ba tuhuma ba ce. Amma in ka fara gutsuttsura kuɗin don kada su kai adadin, nan ne za a sa maka ido.

Maman Khalifa:
Maigidana sana'arku ɗaya. Ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya buɗe asusu daban, ya sayi babban littafi: sunan mai kuɗi, buhu nawa, lambar mota, la'ada. Ranar da aka tambaye ka, littafin ne zai nuna kuɗin amana ne.

Malamin makaranta:
Duk gaskiya ne, amma tsoron Alhaji ba banza ba ne. A 2020 Babban Banki ya samo umarnin kotu aka rufe asusun wasu masu zanga-zangar EndSARS. Abin da ya fi ci min rai, gwamnati na ganin namu, amma takardar kadarorin da masu mulki ke cike wa hukumar ɗa'ar ma'aikata, ka nema ka gani ko za a ba ka.

Baban Ummi:
Haka ne Malam. Sai dai tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a. Alhaji na da ikon tambayar banki wa aka ba bayanansa, in an yi masa ba daidai ba ya kai ƙorafi hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC.

Dillalin hatsi:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Maman Khalifa, a tambayar min maigida nawa rajistar ta ci masa.