Tambaya kan asalin kwalekwale a yankinmu

Malamin Firamare, Gombe:
Assalamu alaikum. A zangon karatun da ya wuce na kai ɗalibaina madatsar ruwa ta Dadin Kowa, muka tarar da masunta suna fitowa bakin gaɓa a kwalekwalen katako, waɗanda aka haɗa da ƙusa aka toshe tsaginsu da tsumma da kwalta. Wani yaro ya tambaye ni ko kakanninmu sun san jirgin ruwa tun kafin zuwan Turawa, na kuwa rasa amsar da za ta gamsar da shi. Ina roƙon masana su taimaka mini.

Ɗalibar Tarihi, Bauchi:
Wa'alaikumus salam, Malam. Amsar tana nan kusa, wajen maƙwabtanmu na jihar Yobe. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, ƙaramar hukumar Fune, sai ya ci karo da itace a zurfin kimanin mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tono shi, ashe kwalekwale ne mai tsawon mita 8.4 da aka sassaƙa daga gungume guda, kuma gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato babu wanda ya girme shi cikin jiragen da aka gano a Afirka. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka fiƙe goshinsa da bayansa, domin wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Jikan Masunta, Yamaltu:
Allah ya ƙara sani, 'yar'uwa. Irin wannan sassaƙa na gan ta da idona ina yaro. Kakana yakan zaɓi maɗaci miƙaƙƙe, masassaƙi ya yi makonni yana rarake cikinsa da gizago, yana ƙwanƙwasa gefen da yatsa don ya ji kaurinsa, tunda sara ɗaya da ya zarce zai ɓata aikin duka. Da damina idan kogin Gongola ya cika, da shi ake fito, mai tuƙi yana dogara doguwar sanda a inda ruwa bai yi zurfi ba, ya koma ga filafili a tsakiya. Na katakon da Malam ya gani sun yawaita ne saboda manyan itatuwan sun yi ƙaranci.

Dattijo, Dukku:
Ina da ɗan gyara. Kada a gaya wa yara cewa Hausawa ne suka sassaƙa na Dufuna, domin shekarunsa sun girme duk sunayen ƙabilun da muka sani. Budumawan tafkin Chadi ma da ciyawar ruwa suke ɗaure nasu, a Argungu kuwa har yanzu ana tseren kwalekwale lokacin bikin kamun kifi.

Malamin Firamare, Gombe:
Na gode ƙwarai, Baba, gyara ya karɓu. Ɗan'uwa na Yamaltu, ko akwai masassaƙin da ya rage wanda zan iya kai masa yaran kafin damina?