Ajin siziyem mai yara 90: da me zan fara ranar farko?

Sabon Malami, Garwa:
Assalamu alaikum, malamaina. An ba ni siziyem, wato ajin farko na sakandare, a wata lise (makarantar sakandare), yara sun kai 90, huɗu-huɗu a benci. Litinin zan fara shiga. Me zan faɗa musu don kada raini ya shiga tsakaninmu, ba kuma sai na ɗauki bulala ba?

Tsohon Hannu, Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bulala kam ka manta da ita. Dokar ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu 1998, sashe na 35, ta hana dukan ɗalibi.

Ranar farko kada ka taɓa darasi. Rubuta dokoki huɗu ko biyar a allo, su kwafa a shafin farko na littafinsu. Dokar ta zama abin da ido ke gani. "Ku yi ladabi" wa'azi ne. "Mai magana ya ɗaga hannu ya jira a kira shi" ita ce doka. Kowace ka faɗi hukuncinta tun ranar: gargaɗi, sauya wurin zama, sannan ofishin surbeyan, wato jami'in da ke kula da ladabtar da ɗalibai. Ka yi Faransanci mai sauƙi, don yawancinsu Fulatanci ko Hausa suke ji a gida, sai ka sa biyu su maimaita da bakinsu.

Zana taswirar benci a takarda da sunan kowa. Kiran suna 90 yana cin minti goma. Da taswira, kallo ɗaya ka ga gurbin da babu kowa. Kuma "kai, mai kan ƙwarya!" ba ya tsayar da surutu yadda sunan yaro ke tsayarwa.

Malamar Lissafi, Ngaundere:
Malam ya gama magana kan yara, saura kai. Idan ka ce 7:30, to 7:25 ta same ka a bakin ƙofa da allinka. An hana su waya, taka ma ta kwanta cikin jaka. Ka amsa kira sau ɗaya a gaban allo, dokar ta mutu. Cika littafin darussan aji kafin ka fita, don shi sansar, mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, ke dubawa.

Inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne maki. Kafin jarrabawa ka rubuta yadda jimillar maki 20 na jarrabawar ta rabu, tambaya kaza maki kaza, ka mayar da takardu cikin mako guda. Kada ka rage maki saboda surutu: maki na aiki ne, hali yana da nasa hukunci, in ka cakuɗa su ba ka da amsa ranar da uba ya zo. Kada ka tilasta musu sayen fotokofinka ko shiga darasinka na kuɗi. Ɗaliba kuma, magana da ita a fili, ƙofa a buɗe, ba aike zuwa gidanka.

Tsohon Hannu, Marwa:
Gaskiya ne, Malama. Na manta abu ɗaya: kada ka hukunta aji duka don laifin uku, sauran 87 za su koma bayansu. Durƙuso a rana ma duka ne da wani suna, balle ranar Garwa a Afrilu da zafi ke haura 40. Wanda ka fitar, haɗa shi da shugaban aji da 'yar takarda zuwa ga surbeyan, in ba haka ba gindin darbejiya zai je ya sha iska.