Don Allah a taimaka, hotunana na bakin teku fari fat suke fitowa

Salam 'yan uwa masu harkar hoto. Ina wani ɗan aiki ne a kan ciwon mantuwa irin na tsofaffi, kakata ce ta kamu da shi har ta daina gane mu, shi ne nake zuwa bakin ruwa a Jamestown nan Accra ina ɗaukar hoton tarkacen da teku ke turowa, tsohuwar igiyar masunta, katantanwa, guntun katakon kwalekwale da fentinsa duk ya koɗe. So nake abin ya fito dishi-dishi, ka gane rabi, rabi kuma ya ɓace maka.

Matsalar ita ce in na bar shota (ƙofar da haske ke shiga kyamara) a buɗe sakan 2 ina ɗan motsa kyamarar, hoton fari fat yake fitowa ko da na sa ISO 100 da f/22, wato saitin da ke rage haske sosai, in na mayar da shotar 1/60 na sakan kuma komai ya fito tas kamar hoton talla, wallahi abin ya ishe ni. An ce in sayi gilashin ND mai rage haske, to mai sitop 6 (sitop shi ne ma'aunin rage hasken) zai isa da rana tsaka ko sai mai 10? Ko dai in haƙura in riƙa zuwa bayan asuba? Kyamarata Canon 600D ce. Sannan feshin gishirin nan da ke mannewa a gilashin gaba, da me kuke gogewa?