Taƙaitawa: gane fastocin Tarayyar Sobiyet na asali da adana su

Ga abin da aka tattauna kan waɗannan fastoci, wato hotunan da ake mannawa a bango, a dunƙule.

1. An yi ittifaƙi a fara duba gindin fasta. Na asali na shekarun 1930 kan ɗauki sunan maɗaba'a, galibi Izogiz, da adadin kwafi, da lambar Glavlit, hukumar tace ɗab'i da aka kafa a 1922. In babu su, a yi hattara.

2. Hoton ma'aikata da masana'antu, da madatsar ruwan kogin Dniepr ko masana'antar ƙarfe ta birnin Magnitogorsk, yana nuna zamanin shirin raya tattalin arziki na shekara biyar na farko, 1928 zuwa 1932. A nan mai tsara fasta Gustav Klutsis ya yi fice da yanka hotuna yana haɗawa, ja da baƙi.

3. Fastocin ROSTA, kamfanin dillancin labaran gwamnatin Rasha, na 1919 zuwa 1921, da hannu aka shafa musu fenti ta kan kwali mai huda, don haka kwafi biyu ba sa zuwa ɗaya.

4. Takardar fastocin Sobiyet mai arha ce, tana jaja tana karyewa. Kada salatif ya taɓa ta. A shimfiɗe ta, nesa da rana da laima.

An rabu kan manna ta a jikin yadi: wasu sun ce yana hana yagewa, wasu sun ce yana rufe bayanta.